Idan Babur Ya Lalace a Harabar Wurin Aiki a Tamale

A Tamale babur shi ne ƙafar ma'aikaci. Duk safiya harabar ofisoshi da makarantu kan cika da babura da motoci, kuma da farkon damina iska kan karyo reshen bishiya ko ta yayo kwanon rufi a kansu.

Wanda abin ya faɗa wa ya ɗauki hoto kafin a taɓa komai, ya nemi shaidar maigadi, sannan ya sanar da shugabannin wurin a rubuce. Ya kuma karɓo takardar ƙiyasin gyara daga makanike, ya adana rasit.

Idan wani direba ne ya bugi babur ɗin, sai a kai rahoto ga 'yan sandan hanya na MTTD. Inshorar da dokar Ghana ta 1958 ta wajabta tana biyan wanda aka yi wa ɓarna, amma kuɗin dukiya yana da iyaka. Mai cikakkiyar inshora kuwa kamfaninsa zai nufa. Kwamfuta ko wayar da aka bari a mota galibi ba sa cikin lissafi.

Ma'aikata takan ɗauki alhaki ne idan an nuna sakacinta, kamar ruɓaɓɓiyar rumfar da aka daɗe ana ƙorafi a kanta.

Kamfanin inshora ya yi jan ƙafa? Hukumar kula da inshora ta NIC tana karɓar koke kyauta. Idan sulhu ya gagara, kotun gunduma tana sauraron irin wannan ƙara.