Sa'ad da Ciwon Baki Ya Kai ga Zuciya

Karatu: Ayuba 2:7-13; 19:13-20

Ɗan'uwa mai karatu, akwai ciwon da mutane ke rainawa domin ba ya kwantar da mutum, amma mai shi kaɗai ya san abin da yake sha. Ciwon baki mai daɗewa yana cikin irinsu. Wani, gyambo ne ƙarami ke fito masa a harshe ko cikin leɓe, ya warke cikin kwana 7 zuwa 14, ba a jima ba wani ya fito. Wani kuwa fararen layuka ne kamar saƙar gizo-gizo a cikin kunci, tare da ja da zafi, har shekaru. Sau da yawa garkuwar jiki ce ke far wa fatar baki. Waɗannan biyu ba a ɗaukarsu ta cin abinci a kwano ɗaya.

Ka tuna da baki muke ci, da shi muke gaisuwa, da shi muke raira waƙa a sujada. In miya mai barkono ta zama azaba, magana ta yi wuya, mutum yakan janye daga taro. Dare ya yi, sai tunani: ko kansa ce? Ko jifa aka yi mini? Likitoci sun lura damuwa, fargaba da baƙin ciki sun fi yawa ga masu irin wannan ciwo. Damuwa da rashin barci kuma sukan ta da gyambon, gyambon ya ƙara damuwa, abu ya yi ta zagayawa.

Ayuba ya san wannan hanya. Miyaku sun rufe shi daga tafin ƙafa har ka. A sura 19 ya koka cewa matarsa ma tana ƙyamar numfashinsa, 'yan'uwa sun yi nisa da shi. Abokansa uku sun kyauta da suka zauna tare da shi kwana bakwai ba magana. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa ciwo, sai suka ƙara masa nauyi. A sura 42 su ne Ubangiji ya tsauta wa, Ayuba mai kuka kuwa ya kira shi bawansa. Saboda haka baƙin cikinka ba shaidar rashin bangaskiya ba ne.

To, me za ka yi? Da fari, je asibiti. Akwai magungunan shafawa da na kurkure baki masu rage kumburi, wani lokaci kuma ƙarancin jini ne a gindin matsalar. Duk gyambon da ya wuce mako 3 bai warke ba, lalle likita ya duba shi. Rage yaji da tsami, ka bar taba. Na biyu, kada ka nuna wa likita bakinka ka ɓoye masa zuciyarka. In ka yi mako 2 ko fiye ba barci, ba sha'awar kome, ko kana jin gara mutuwa, faɗa masa, ka kuma faɗa wa fasto ko wani amintacce yau ɗin nan. Wannan ma ciwo ne mai magani. Na uku, kada ka daina zumunci. In ba ka iya waƙa, zauna ka saurara. Allah yana jin addu'ar da ba ta fito daga baki ba.

Tambaya: Wa ya daina cin abinci tare da ku a ikilisiya ba ku tambayi dalili ba? Ziyarce shi cikin wannan mako.

Addu'a: Ya Uba, ka ga zafin bakina da nauyin zuciyata. Ka ba ni barci, ka bi da ni wurin masu taimako, ka riƙe ni har in sami sauƙi. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.