Tsadar Wuƙa Ba Ta Hura Wuta

A Ingila, Kanada, Amurka da Suwidin akwai masu sha'awar zaman daji, abin da suke kira bushcraft. Mutum yana da gidansa da aikinsa, amma ƙarshen mako sai ya shiga kurmi ya kafa bukka, ya hura wuta ba ashana, ya kwana. Na daɗe ina bin harkarsu, kuma na lura hirarsu kusan kullum kan kaya take ƙarewa: wace wuƙa ta fi, wane gatari, wace jaka. Sai ka ga ana ta musu kan ƙarfen wuƙa tsakanin mutanen da ko sanda ba su taɓa fiƙewa da ita ba.

Ba wai maganar kaya shirme ba ce, akwai ilmi a cikinta. Wuƙar baƙin ƙarfe ta fi sauƙin wasawa, amma da ta sha damshi sai tsatsa. Sandar tartsatsi da suke yawo da ita kuwa, daga haɗin ƙarfen da Carl Auer von Welsbach ɗan Ostiriya ya ƙirƙiro a 1903 ake yin ta, tana fitar da tartsatsi mai zafin kusan digiri 3,000 ko da ta jiƙe. To amma tartsatsin nan ƙiftawa da bismilla ya mutu. In ba ka san ɓawon da zai kama ba, ba ka iya murza ciyawa ta yi laushi ba, ba ka tanadi ƙirare kafin ka ƙyasta ba, wallahi da sandarka a hannu za ka kwana cikin sanyi.

Wanda ya fi burge ni a nan shi ne Mors Kochanski, ɗan Kanada da ya rasu a 2019, mai littafin Northern Bushcraft na 1987. Ya yi shekaru yana koyarwa a dazukan Alberta, inda sanyi ke kisa, kuma an san shi da riƙe Mora, wuƙa mai arha ƙirar Suwidin. Darasinsa da ya yi fice shi ne sandar gwaji. Ɗalibi zai sari reshe ɗaya ya sassaƙa yanka iri-iri a jikinsa: ƙugiyar rataye tukunya, gurbin haɗa itace biyu, huda, da fiƙaƙƙen baki. Kallo ɗaya malami zai yi wa sandar ya gane inda hannu ya yi rawa, da inda kaifi ya dakushe. 'Yan sashen injiniya sun san irin wannan, ai farkon shiga wokshof guntun ƙarfe ake miƙa maka a ce ka goge shi ya daidaita, babu ruwan kowa da kwamfutar da ke jakarka.

Wani abin lura kuma, Ray Mears, Baturen Ingila da ya kafa makarantar Woodlore a 1983, takanas ya riƙa zuwa wajen Hadza na Tanzaniya da 'yan asalin Ostireliya yana koyon aikin hannunsu. Mu fa irin wannan ilmin yana ƙofar gidanmu. Har gobe akwai dattijon da ya san ƙyastu da audugar rimi, akwai mai tukar igiya da rama ko ɓawon kuka, ga mafarauta da makiyaya da suka san itacen da ke ci ba hayaƙi.

Shawarata ga mai sha'awa: kada ka tambayi wace wuƙa ta fi sai ka faɗi aikin da taka ta kasa. Hutun nan ka sayi ta maƙera, ka wasa ta da kanka, ka sari reshen darbejiya kaurin babban yatsa ka gwada yankan nan huɗu. Ka riƙa tura kaifin nesa da jikinka, kada ka ɗora sandar a cinya. In kuma wuta za ka gwada da rani, ka share ciyawar wurin tukuna, ka ajiye bokitin ruwa kusa.