Darasin Lafiya: Ƙazwa, Ciwon da Ake Magance Wa Gida Gaba Ɗaya

Da sanyin hunturu ya kama a nan Garu, yara kan cunkushe a tabarma ɗaya da bargo ɗaya. A irin wannan lokaci ne za ka ga wani a aji yana ta susa tsakanin yatsunsa, yana ɓoye hannu a aljihu don kunya. Sau da yawa abin da ke damunsa shi ne ƙazwa, wadda samari ke yi wa laƙabi da "sosa gaye".

Me ke kawo ta?

Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da masana ke kira Sarcoptes scabiei. Bai kai rabin milimita ba, don haka da ƙyar ido ke ganinsa. Macen takan haƙa rami a cikin fatar mutum, ta riƙa zuba ƙwai biyu ko uku kowace rana. Cikin kwana uku zuwa huɗu ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ya bambanta da kwarkwata, ya bambanta da kuɗin cizo: shi a cikin fata yake zaune.

Ba ya tashi, ba ya tsalle. Yana ratsawa ne idan jiki ya daɗe yana gogar jiki, ko ta zane da kayan sawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum aƙalla miliyan 200 ne ke fama da ƙazwa, kuma a 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ke nan ba ta zaɓen talaka ko ƙazami. Cunkoso take bi.

Alamominta

Ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙananan ƙuraje tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, ƙugu da gindi. Ga jarirai har tafin ƙafa da kai. Abin lura: wanda ya kamu karon farko yakan yi sati huɗu zuwa shida bai fara susa ba, alhali yana yaɗa ta. Kuma idan farce ya fasa fata, wasu ƙwayoyin cuta kan shiga su yi ruwa, wani lokaci har ciwon ya taɓa ƙoda ko zuciya.

Yadda ake yaƙarta

1. A je asibitin sha-ka-tafi ko babban asibitin Illela. Magungunan da aka saba bayarwa su ne man shafawa na benzyl benzoate, permethrin ko man farar wuta, wani lokaci ƙwayar ivermectin. Mai juna biyu da ƙaramin yaro ba a ba su wannan ƙwaya.
2. A shafa daga wuya zuwa tafin ƙafa, har ƙarƙashin farce, ba kan ƙurajen kaɗai ba. A maimaita yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa.
3. Kowa a gidan, ko a ɗakin kwana, ko a tsangaya, ya shafa a rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. Idan aka bar mutum guda, ita ce za ta dawo.
4. A wanke tufafi da zannuwa da ruwan zafi, a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda har mako guda, domin ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a wajen jikin mutum. Haka za a yi wa kayan gwanjo da aka sayo a kasuwar Illela ranar Lahadi ko daga Birnin Ƙonni.
5. Kada a shafa baƙin mai, kananzir ko maganin ƙwari. Suna ƙona fata.

Ƙaiƙayin kan iya ci gaba har sati biyu ko fiye bayan ƙwarin sun mutu, don haka a yi haƙuri.

A tsibiran Fiji an taɓa ba al'umma gaba ɗaya magani a lokaci guda, kuma rahoton da aka fitar a 2015 ya nuna ƙazwa ta ragu da kashi 94 cikin ɗari. Mu ma idan ka ga abokinka yana susa, kada ka yi masa dariya. Ka raka shi wurin malamin aji, a sanar da iyayensa.

Tambayar mako: Me ya sa ake ba wanda bai fara susa ba magani? A miƙa amsa ga Ƙungiyar 'Yan Jarida kafin ranar Juma'a.