Darasi na 14: Bashin Babur da Hanyar Fita Daga Cikinsa

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya ci ya ƙi biya, ko kuwa ya rasa sanin nawa ake binsa. Darasinmu na yau a kan bashin abin hawa ne, watau babur ko keke mai ƙafa uku wanda mutum ya karɓa yana haya da shi, yana biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasa.

Kuɗin hannu da kuɗin bashi

Ku ɗauki fensir mu yi lissafi. A ce babur kuɗinsa naira 1,200,000 ne in za a biya nan take. Wani mai hali ya saya, ya ba ka a kan naira 1,800,000, za ka riƙa kai masa naira 30,000 kowane mako. To, mako nawa ke nan? Mako 60 ne, watau shekara guda da mako takwas. Abin da aka ɗora maka kuwa naira 600,000 ne. Wanda bai iya lissafi ba, dubu talatin ɗin kaɗai yake ji. Wanda ya iya, yana ganin ƙarshen hanya tun bai kama ta ba.

Sa'an nan ka auna abin da babur ɗin ke kawowa. A ce bayan ka sha mai kana tsira da naira 9,000 a yini, kana fita kwana shida. An sami 54,000. Cire 30,000 na mai babur, saura 24,000. Cire 4,000 domin baƙin mai da taya da bakanike, saura 20,000. Wannan shi ne naka da iyalinka. In ba zai riƙe gida ba, kada ka karɓa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka tuna kuma kuɗin mai yana tashi. A shekarar 2023, da aka janye tallafin mai, kuɗinsa ya fi ninki biyu cikin 'yan kwanaki, amma biyan mako bai ragu ba.

A rubuta

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Akwai dokar shekarar 1965 a kan irin wannan ciniki. Ta ce a gaya maka kuɗin hannu, a rubuta yarjejeniya, ka sa hannu, a ba ka taka takardar. Ta kuma ce in ka biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, mai shi ba zai ƙwace ya mallake ba sai ta hanyar kotu. A lissafinmu, kashi uku cikin biyar naira 1,080,000 ne, watau biyan mako 36. Amma ku lura: in biya uku suka wuce ka, yana da iko ya ɗauke babur ɗin ya ajiye har kotu ta yanke hukunci.

Yaya za ka nuna ka biya mako 36? Da rasit. Kada ka miƙa kuɗi ba a ba ka rasit ba. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. Ga amfanin zuwa wannan aji.

In bashi ya riga ya yi maka yawa

Wani ga bashin babur, ga na mai shago, ga na bakanike, ga rancen da ya ci ta waya. Ga abin da zai yi.

1. Ya sayi ɗan littafi, ya rubuta kowane bashi: sunan mai shi, da yawan kuɗin, da ranar biya. Kada ya ɓoye wa littafin kome.

2. Ya fara da abincin gida, sai biyan babur, domin babur shi ne gonarsa. In aka ƙwace shi, da me zai biya sauran?

3. Bayan haka ya tasam ma bashin da ke haihuwa, watau mai ruwa. Shi ne ke girma ko kana barci. In ya kashe shi, sai ya juya kuɗin kan na biye.

4. Kada ya ci sabon bashi domin ya biya tsoho. Wanda ya haƙa rami ya cike rami, har yanzu yana da rami.

5. Ya je wurin mai binsa tun bai zo ba. Ya tafi da dattijo ko mai unguwa, ya faɗi gaskiya, ya nemi a rage biyan mako a ƙara kwanaki. Abin da aka shirya a rubuta shi. Mai ɓuya shi ke sa a yi fushi.

6. Da kaka, sa'ad da kasuwa ta buɗe, ya yi tanadi domin damina, lokacin da hanya ke ɓaci, aiki ya ragu.

Gyaran suna

A ƙauye, in mutum ba ya biya, labari yakan kai kasuwa kafin shi. A banki ma haka ne. Tun shekarar 2014 aka soma ba masu ajiya lamba guda wadda ake kira BVN, duk bankin da ka je da ita za a san ka. Akwai kuma ofisoshi masu ajiye labarin masu cin bashi, wanda ya biya da wanda bai biya ba. Dokar shekarar 2017 ta ba ka iko ka ga abin da aka rubuta a kanka, kyauta sau ɗaya a shekara, in akwai kuskure ka nemi a gyara. In ka gama biyan bashi, ka karɓi takardar shaida ka adana.

Suna ba ya gyaruwa rana ɗaya. Biya kan lokaci, mako bayan mako, shi ke wanke shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Nawa ne bambancin kuɗin hannu da kuɗin bashi a lissafinmu?
2. In ana biyan naira 25,000 a mako, mako nawa za a yi kafin a biya naira 1,800,000?
3. Don me ake sa biyan babur gaba da bashin mai shago?
4. Me ya sa ake karɓar rasit?

Aikin gida

Kowa ya ja layi uku a littafinsa. Ya rubuta Suna, Kuɗi, Ranar Biya. Ya cika su a gida, shi kaɗai. Ba sai ya nuna wa malami ba.