Darasin Juma'a: Haraji, Tsakanin Haƙƙi da Zalunci

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Iyaye da 'yan'uwa, duk inda aka zauna kwanakin nan, a bakin masallaci ko a rumfa, maganar ɗaya ce: tikiti ya yi yawa. Motar albasa ko tumatir ta taso daga Arewa, kafin ta iso Ibadan an biya a hanya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An iso kasuwa, ga kuɗin shiga, ga kuɗin sauke kaya, ga na rumfa, ga na shara. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota ya hau, ga kuma wannan a kai. To, me addini ya ce, kuma me dokar ƙasa ta ce?

Da farko mu yi wa kanmu adalci. Gwamnati ba ta tafiya sai da kuɗi. Titin da motarmu ke bi, asibitin da matanmu ke haihuwa, makarantar yaranmu, duk kuɗi ne. Malamai da yawa sun yarda hukuma ta sa wa jama'a wani abu bayan zakka idan buƙata ta gaskiya ta taso kuma baitulmali ya gaza, amma da sharuɗɗa.

Na ɗaya, a duba ƙarfin mai biya. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya gargaɗe shi kada ya zaɓe mafi kyawun dukiyar mutane, kuma ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Sayyidina Umar ma ya tambayi ma'aikatansa na Iraƙi ko sun ɗora wa ƙasar abin da ba za ta iya ɗauka ba. Kun ga ke nan mai tallar goro a faranti da mai shago uku bai kamata su biya kuɗi ɗaya ba.

Na biyu, a san adadin, a san mai karɓa. Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid Kitabul Kharaj, inda ya ja masa kunne kan sayar wa 'yan kwangila aikin karɓar haraji, domin ɗan kwangila sai ya matse talaka kafin ya fitar da ribarsa. Yau ma ga shi muna gani: wani ya saka riga mai tambari, ya riƙe sanda, babu rasit. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa irin waɗannan karɓe-karɓe na kasuwa da jangali cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kansu.

Na uku, kuɗin ya koma ga jama'a. Idan an karɓi kuɗin shara, a kwashe shara. Idan an karɓi na kasuwa, a ga ruwa, a ga ban-ɗaki, a ga magudana.

Wannan ma amfanin gwamnati ne. Ibn Khaldun ya lura cewa daula tana samun kuɗi mai yawa idan harajinta na da sauƙi, amma in ta tsananta sai mutane su karaya, kasuwanci ya ja baya, kuɗin shiga ya ragu. Dattawan Ibadan ba su manta da boren manoman Agbekoya na 1968 zuwa 1969 ba, wanda ƙarin haraji na cikin abin da ya haddasa shi.

Ta fuskar doka, tun 1998 aka yi dokar da ta jera harajin tarayya, na jiha da na ƙaramar hukuma. Kuɗin shago, na mahauta da na tashar mota ta sa su a ɓangaren ƙaramar hukuma, kuma ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. A watan Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka yafe harajin kuɗin shiga a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara.

To, me ya rage mana? Mu biya abin da doka ta sa, kada a ce baƙi ba sa biya. Mu nemi rasit, mu adana shi. Kada mu yi faɗa da mai tikiti, wallahi ƙaramar rigima a kasuwa tana iya zama ta ƙabila, kuma mu ne za mu yi asara. A kai ƙara wajen shugabannin kasuwa da Sarkin Hausawa, su je sakatariyar ƙaramar hukuma da takarda a hannu. Duk mai rasit ɗin da bai gane ba, ya kawo ofishin masallaci bayan sallar La'asar a duba tare.

Allah ya ba shugabanninmu tausayin talaka, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sakataren Masallaci