Bakin Baba ya karkace kuma ya dawo daidai: an rabu da ciwon ke nan?

Tambaya: Shekaranjiya bayan sallar asuba mahaifinmu yana shan koko sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe. Kafin a samo mota ya warware sarai. Gwaggonmu ta ce iska ce ta taɓa shi, aka yi masa hayaƙi. Yana da hawan jini, amma ya ajiye maganin tun cikin azumi. Ko har yanzu sai mun kai shi asibiti? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ku kai shi yau, kada ku bari sai gobe.

Abin da kika bayyana ya yi kama da ɗan aiken shanyewar ɓarin jiki. Wani ɗan gudan jini ne ya toshe hanyar da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa, sannan ya narke da kansa kafin ya yi ɓarna. Hannun dama da magana suka tafi tare domin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke tafiyar da su duka biyu a wurin mafi yawan mutane. Warwarewar ita ke yaudarar iyali, alhali kwanakin farko ne suka fi hatsarin zuwan babbar shanyewar. A asibiti za a auna jininsa da sukarinsa, a duba bugun zuciyarsa, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a mayar da shi kan magani. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Mai azumi likita yake tuntuɓa a sauya masa lokacin sha.

Idan kuwa abin ya dawo, ki ce ya yi murmushi, ki ga ko gefe ɗaya ya zube. Ki ce ya ɗaga hannayensa biyu, ki ga ko ɗaya na sulalewa. Ki ce ya faɗi sunayen jikokinsa. Ko ɗaya daga ciki ya gagara, ya isa a garzaya da shi asibiti. Haka ma gani ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri mai kayarwa, ko ciwon kai irin wanda bai taɓa yi ba. Dubi agogo ki riƙe lokacin, don shi likita zai fara tambaya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne baki. Ciwon yakan taɓa haɗiya, sai a ɗura wa mutum ruwa ko zuma ko rubutu cikin ƙauna, abin ya zarce huhu, ciwon huhu ya biyo baya. Addu'a kam a yi ta, a cikin mota ma tana karɓuwa, amma kada a sa masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa wuyan riga. Kada a ba shi asfirin: shanyewar iri biyu ce, ta toshewar jijiya da ta fashewarta, kuma ido ba ya rarrabe su, sai na'urar CT. Asfirin ga wanda jijiyarsa ta fashe ƙarin zubar jini ne. Kada kuma a tsaya kemis a yi masa allurar saukar da jini da gaggawa. Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai a tsattsaga yatsu da allura, ɓata lokaci ne kawai.

Ku wuce kai tsaye babban asibitin da ke da na'urar hoton. Akwai allurar narkar da gudan jini, amma cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba. Ko babu ita, zuwa da wuri yana ceton rai, domin za a gwada haɗiyarsa, a daidaita sukari da zazzaɓi, a fara gashi da motsa gaɓoɓi tun ba su sandare ba.

Gwaggo kuma a lallaɓa ta, a tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta. Ku ma 'ya'yansa, tunda kun je, ku miƙa hannu a auna ku, don hawan jini yana bin gida.