DARASI: Likita Ya Ce Lafiyarka Ƙalau, Amma Zuciya Ta Ƙi Yarda

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ko kana zaune a unguwar Gobarau ko a wani lungu na birnin Katsina, ka san irin wannan saurayi, wataƙila ma kai ne. Gabansa na faɗuwa, ƙirji ya yi nauyi, barci ya ƙaurace. An auna jini, an ɗauki hoton ƙirji, an duba hawan jini, likita ya ce babu komai. Gobe sai ka gan shi a kemis yana sayen maganin taifot, jibi an kai shi wurin boka an ce sammu ne. Kuɗi sun ƙare, imani ya taɓu, ciwo kuwa yana nan.

To, ka sani abin da yake ji ba ƙarya ba ne. Idan tsoro ya kama mutum, jiki yakan saki wani sinadari mai sa zuciya bugu da sauri, numfashi ya yi sama-sama, gumi ya karyo. Shi kuwa sai ya ce ai ga alamar mutuwa, tsoro ya ƙaru, bugun ma ya ƙaru. Wannan shi ne waswasin ciwo.

Kada wani ya ce maka raunin imani ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalibi suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta. Malam Abu Zaidin Albalkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayani a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus cewa baƙin ciki iri biyu ne: mai sanannen dalili, da wanda kan zo haka kawai daga jiki, wanda ke bukatar magani. Katsina kuwa garin ilmi ce tun zamanin da aka gina Hasumiyar Gobarau, bai kamata jahilci ya kashe mu a gindinta ba.

Ga abin da za ka yi.

Na farko, ka riƙe likita ɗaya, ka gaya masa damuwarka kamar yadda kake gaya masa ciwon ciki. Ka daina yawon gwaji, ka daina tambayar intanet da tsakar dare, domin kwanciyar hankalinsu ba ta kwana.

Na biyu, idan ka yi mako 2 ko fiye cikin ƙunci, ba ka jin daɗin komai, ci da barci sun lalace, to wannan ciwon damuwa ne. Ka nemi a haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akwai kuma asibitocin Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta kare mutuncinka. Maganin yakan ɗauki makonni kafin ya kama, kada ka yar da shi.

Na uku, ka guji tiramadol da kodin. Mai shansu don ya manta damuwa, gudun gara ne faɗawa zago.

Na huɗu, kada ka kaɗaita. Ka tsare salla cikin jam'i, ka riƙi azkar da addu'a, ka kama sana'a, ka motsa jiki. Neman magani umurnin Annabi ne, bai saɓa wa tawakkali ba. Zuwa wurin boka shi ne halaka.

Idan kuwa zuciya ta fara raya maka cewa mutuwa ta fi, to yau ɗin nan ka gaya wa mahaifinka ko amininka, ku tafi asibiti tare, kada ku jira gobe. Kai kuma da aka gaya wa, kada ka yi dariya, kada ka kai zancen majalisa, amana ce.

Allah Ya yaye mana damuwa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.